Fuskar Ta'aziyya

Gwallaga, Bauchi.
Ranar Asabar.

Zuwa ga uwargidana, Hajiya Yagana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Yaya ƙafar? Yaya idon, ana ɗiga maganin kuwa? Yaya Kawu Abdulsalam da iyalinsa, yaya kuma baƙuntar Yelwa? Allah ya sa 'yan jami'a ba sa hana ki barcin rana da kiɗe-kiɗensu.

Na rubuto da ajami, da manyan baƙaƙe, don ki karanta da kanki, kada wani ya shiga tsakanin miji da mata. Bilkisu za ta kawo miki. Na roƙe ta kada ta buɗe, ko da yake na san halin ƙanwata.

Hajiya, yau da la'asar na sauke fasinja a Ɗan Iya, ban ankara ba sai ga ni na tsayar da keke a ƙofar gidanki. Kwaɗo na tarar a ƙofar. Na san kin bar gidan, hannuna ne ya manta. Gindin mangwaro ba kowa, kujerar maƙwabcinki Baba Andrawus tana jingine da bango.

Ga wayata cike da kayan mako, ba wanda zan nuna wa. Akwai aku mai kwaikwayon kukan waya har maigidansa yana laluben aljihu. Akwai wata tsohuwa a ƙasar Sin da take ɗaga ƙarfen da ni ba zan iya motsawa ba, wannan musamman don ke na ajiye, in ce ga irin matar da zan auro. Shekara biyu ke nan duk Asabar nake kawo muku irin waɗannan, ke da ƙawarki Mama Cecilia a tabarma, mijinta Baba Andrawus a kujerarsa. Kin tuna kankana mai kusurwa huɗu, da kika rantse kafinta ne ya yi ta? Kin tuna garin da rana take wata biyu ba ta faɗi ba, kika tambaya yaya suke azumi, Baba ya ce ke dai kada ki kuskura ki je? Shi kuwa akuyar nan da take sumewa in an tafa mata ita ce tasa. Sau nawa ya sa na maimaita masa ita, yana dariya har tari ya sarƙe shi.

Na san Bilkisu ta riga ta gaya miki, amma ina so ki ji daga gare ni. Ranar da aka sace wa Goggo Maimuna tunkiya, kika miƙo min sabuwar wayar da Kawu ya saya miki, kika ce in nuna miki cikin 'yan fuskokin nan wacce ce ta jaje. Ina ganin ta kukan, na tsallake ta, na nuna miki ta dariya, wadda ake ƙyalƙyalewa har hawaye ya fito. Kika kawo wayar kusa da hanci, kika ce lallai kuwa, ga hawaye ta ko'ina, ga baki a wangame, wannan ta fi kowa jin mutuwa. Daga ranar kika sa mata suna fuskar ta'aziyya.

Wallahi niyyata in gaya miki Asabar mai zuwa. Sai abin ya yi min daɗi. Wani ya faɗi a mashin, kin tura. Wata ta ce tana asibiti, kin tura. Dangi suka ɗauka tsokanar tsofaffi ce, ni kuwa ina gefe ina birgima. Sau biyu Bilkisu tana cewa in ji tsoron Allah in gyara, ina cewa sai Asabar. Wata biyar.

Har ranar da Christiana ta sa hoton babanta a guruf ɗin matan layinku, ta rubuta cewa Baba Andrawus ya rasu. Ke da saƙon murya kika saba, amma Bilkisu ta ce ranar muryar ƙin fita ta yi, sai kika danna fuskar har sau tara.

Ban ga lokacin da Christiana ta tare ki a bakin ƙofa ba, ke da tukunyar kunun da kika dama musu. An dai gaya min abin da ta ce, wai ashe shekara arba'in ana cin abinci tare, mutuwarsu dariya take ba ki. Abin da na gani shi ne fuskarki da na shigo. Tun da aka haife ni aka sa min sunan mijinki ba ki taɓa kirana da komai ba sai Maigida. Ranar kika ajiye wayar a cikin kwano, kika turo min da ƙafa, kika ce kai yaro, ɗauki kayanka.

Yanzu kuma na ji kin hana kowa ya faɗa musu ni ne, wai gara su tsane ki da su tsani jikanki. Hajiya, ban taɓa bin umarninki ba, wannan ma ba zan bi ba.

Ki gaida Kawu, in ya yarda a ambaci sunana a gidansa.

Ni ne mijinki da kika kora,
Mansir.

*

Gwallaga, Bauchi.
Ranar Laraba.

Zuwa ga Mama Cecilia,

Gaisuwa mai yawa da girmamawa. Yaya haƙuri? Yaya Anti Christiana da sauran yara, da baƙin da suka zo daga nesa? Allah ya ba ku haƙurin rashin Baba, ya ba ku dangana.

Mama, Mansir ne, jikan Hajiya Yagana, mai keke, wanda Baba yake kira Gidan Talabijin. Sau uku ina zuwa layinku in juya. Na ji an ce ranar Asabar yara za su tafi da ke Jos gaba ɗaya, shi ya sa na ga in ban iya buɗe baki ba, bari in rubuta.

Dariyar nan da aka gani a ƙarƙashin hoton Baba ba ta Hajiya ba ce, tawa ce. Ni na koya mata cewa wannan fuska ta kuka ce, don in tsokane ta, irin wasan jika da kaka. Kin san idonta, kin kuma san ba ta yi boko ba, kamar yadda ni ma ban yi ba. Abin da na nuna mata shi ta riƙe, don ta yarda da ni. Sau taran da ta danna, kuka take yi sau tara. Da akwai abin da ya fi wannan a wayar, da shi za ta danna.

Ba na jin haushin Anti Christiana ko kaɗan. Da ni ne na ga an yi wa ubana haka, ban san abin da zan yi ba. Amma maganar da ta yi, cewa don addini ne, ita ce take hana ni cin abinci. Ni yaro ne, amma na taso na ga wasu abubuwa. Na ga duk Kirsimeti shinkafarki ce take fara shiga gidanmu, duk Babbar Salla cinyar farko taki ce. Babata ta gaya min ranar da za a haife ni, Baba Andrawus ne ya tura motarsa da ta ƙi tashi, ke da Hajiya kuna baya kuna riƙe da ita. Wannan duka ne na ɗauka na yi wasa da shi, don in samu abin dariya ranar Asabar.

Tun ranar Hajiya ta koma Yelwa wajen ɗanta. Ba ta waya, ba ta hira, an ce ko goro ta daina ci. Ba a je binne Baba da ita ba, kuma wannan ba abin da zan yi ya dawo da shi.

Ba na roƙon ki yafe min, wannan sai yadda kika gani. Roƙona kada ki shiga mota da zaton ƙawarki ta yi miki dariya.

Na gode, Mama. A gaida kowa da kowa.

Ɗanki mai laifi,
Mansir.

*

Gwallaga, Bauchi.
Ranar Lahadi.

Zuwa ga Hajiya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan kin tashi lafiya, ke da mutanen gida duka. Yau ban rubuta uwargida ba, don ban san ko har yanzu ina da wannan matsayi ba.

Jiya da na zo ina buga ƙofar Kawu kamar mahaukaci, kika aiko Bilkisu ta ce min kin gaji da wasa. Ban ga laifinki ba. Amma ki daure ki karanta wannan har ƙarshe.

Tun Laraba na rubuta wa Mama Cecilia takarda na faɗi gaskiya. Sai tsoro ya sa na yi ta yawo da ita a aljihu, Alhamis, Juma'a, ina cewa gobe. Halin nan dai nawa. Sai jiya da safe na je, na tarar an gama ɗaure katifu a saman mota. Na miƙa wa Christiana takardar, niyyata in juya in gudu. Ta buɗe, ta juya ta sama, ta juya ta ƙasa, ta tambaye ni ko laya na kawo musu. Sai a lokacin na tuna da ajami na rubuta, kuma duk gidan ba mai karanta shi.

Haka na tsaya a tsakar gida, gaban 'ya'ya da surukai da matan coci, na karanta laifina da bakina, tun daga gaisuwa har sunana. Ko ranar da Malam ya tsayar da ni hadda ban sha wuya irin wannan ba.

Da na gama, Mama Cecilia ta ce a nuna mata fuskar. Ashe ita ba ta taɓa ganinta ba, tun rasuwar ba ta taɓa waya ba. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce ita ma dai kuka take gani.

Hajiya, ga abin da ya fi komai yi min ciwo. Ba ta san kin zo ba. Ranar tana can ɗaki cikin mata ana waƙoƙi, Christiana kuma ta ɓoye mata komai don kada ta ƙara mata baƙin ciki. Mama ta ce kwana da kwanaki duk wanda ya taɓa ƙofa sai ta ɗaga kai, tana jiran jan takalminki. Abin da ta riƙe a ranta shi ne Yagana ba ta zo ba. Christiana ta zauna a kan buhu ta rufe fuska da zani.

Mama ta ce in tashi in ɗauko ki. Direba ya ce rabin awa zai ba mu, don yana da wani lodin. Ban san yadda na iso Yelwa ba. Sauran kin sani. Na yi rantsuwa, na yi magiya ta taga, amma bakin da ya ce miki dariya kuka ce, da me zai sa ki yarda? Da na koma Ɗan Iya sai sawun taya. Sun jira fiye da awa, in ji maƙwabta. Mama ta bar miki kujerar Baba a ƙofarki, na karɓo makulli na shigar da ita zaure.

Da azahar Christiana ta turo saƙon murya ta wayarki, wadda take hannuna tun ranar kwano. Daga Mama ne, minti biyu da wani abu. Na buɗe don in tabbatar naki ne, na ji ta kira sunanki sau biyu, na rufe. Ban ji sauran ba, ba nawa ba ne.

Ga wayar nan na naɗe a leda tare da takardar. Na yi mata caji, na sa data, na goge duk bidiyon da na taɓa zuba miki, har akuyar Baba. Saƙon ne kaɗai a ciki. Kada ki yarda da ni, ki sa Bilkisu ta buɗe miki, ki ji muryar da kunnenki.

In kin ji, ba sai kin nemi wata fuska ba. Ki ɗora yatsa a inda kika saba, ki riƙe. In muryar ta sake ƙin fita, kada ki saki. Ki yi kukan a ciki, za ta gane.

Asabar zan zo Yelwa da la'asar, hannu biyu ba komai. Zan zauna a waje. In kin ga dama ki aiko a ce yaron ya shigo.

Wassalam.

Jikanki,
Mansir.