Baba Ya Ƙi Yarda Surukinsa Ya Canza Masa Robar Fitsari

Anti Muhibba, don girman Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ɗaure. Ina tsoron kada kunya ta raba ni da mahaifina.

Tun bayan ƙaramar salla aka sa wa Baba robar fitsari, saboda ciwon nan da ke toshe wa tsofaffi hanya. Muka ɗauko shi daga Yangoji ya dawo wurinmu a Gwagwalada. Likita ya ce a riƙa canza robar a kai a kai, amma sau ɗaya tak aka canza. Wata nas ce ta yi, ga ɗalibai sun kewaye gadon. Ranar Baba ko abinci bai ci ba, ya ce shi da asibiti har abada.

Mijina Zulkifilu nas ne, aikinsa ke nan kullum, sai ya ce zai yi masa a gida. Baban da ko ruwa ba ya sha a gaban surukinsa! Tun daga nan gaisuwarsa ma a daƙile yake amsawa.

Yanzu fitsarin ya yi kauri, ga wari, zazzaɓi ya tafi ya dawo. Yayana Yahuza yana da kemis a Uke, da na kira shi sai ya ba direba antibayotik ya kawo. Baba ya sha ya ji sauƙi, a ajiye, ciwo ya dawo, Yaya ya aiko wanda ya fi ƙarfi. Na ƙarshen nan ko gezau. Mijina ya ce Yaya ne zai ƙarasa Baba, Yaya ya ce mijina ya raina shi ne. Ni kuwa sai kuka. Me ya sa maganin ya daina ci? Ya zan yi da Baba?

'Yar Malam, Gwagwalada

'Yar Malam, sannu da jinya. Share hawayenki, aiki ne a gabanki.

Kin taɓa zura yatsa cikin jarkar mai ruwa da ta daɗe, kika ji santsi a jikinta? Ko sau nawa aka ɗauraye, yana nan. Haka ƙwayoyin cuta suke yi wa roba idan ta daɗe a jiki. Su manne, su hayayyafa, su lulluɓe kansu da yauƙi. Magani yana kashe waɗanda suka fito yawo cikin fitsari, shi ne sauƙin da kike gani. Na can ciki kuwa sun lafe, sun rage ci da girma, alhali yawancin magungunan nan sun fi kama ƙwayar da ke tsakiyar girma. Da an daina sha sai su farfaɗo. Kowane zagaye kuma masu taurin kai ne suke tsira, har a wayi gari maganin ba ya yi musu komai. Muddin tsohuwar robar tana nan, asarar magani kawai ake yi.

Mijinki ya yi gaskiya game da robar, amma ya yi gaggawa da ya miƙa kansa. Kunyar suruki ba gardama ba ce, mutuncin dattijo ne. Abin da zai yi shi ne ya nemo abokin aikinsa namiji, ya roƙa a kulle ƙofa, ba ɗalibai, shi ma ya tsaya a waje.

Yahuza ƙauna ce ta sa shi aiko magani, amma ya dakata haka nan. Ki ba shi aikin da ya fi wannan: ya zo da kansa ya lallashi mahaifinsa, ya raka shi wurin likita cikin makon nan. A canza robar, a ɗebi fitsari daga sabuwar a kai gwajin da zai nuna wane magani ne har yanzu yake ci. Wanda likita ya rubuta a shanye shi yadda ya ce. Ku tambaye shi kuma ko akwai aikin da zai raba Baba da robar gaba ɗaya.

Idan kika ga rawar sanyi, ciwon kwiɓi, ruɗewa, ko fitsari ya tsaya, kada ki jira yardar kowa, ki nemi mota ki kai shi asibiti. Ciwon yana iya haurawa ƙoda ya shiga jini.

Ki kuma zauna ki faɗa wa Baba wannan da bakinki, ba ɓoye-ɓoye. Ya yi miki fushi yana raye ya fi miki. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka miki da alheri.

Anti Muhibba