Mai Sayar Mana da Ruwa Shi Ya Sayi Likkafanin 'Yata

Hajiya Saratu, don girman Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana, domin a unguwarmu ta Maamobi in ka yi tari a ɗakinka sai an ji a maƙwabciyarmu Kotobabi.

Ni mai tsaron tankin ruwa ce. Famfon gwamnati na layinmu ya ƙafe tun ina amarya, yanzu igiyar shanya ake ɗaurawa a jikinsa. Alhaji Wahab ne ya kafa manyan tankuna a bakin layi, motarsa tana zuwa tana cikawa, mata suna jero galan-galan, ni kuma ina buɗe famfo ina karɓar kuɗi. Mijina Osumanu ma yaron Alhajin ne, a shagonsa na kayan mota da ke kasuwar Abossey Okai. Ɗakin da muke kwana a ciki ma na gidan hayarsa ne. Ki riƙe wannan, don shi ne abin da ya ɗaure min baki.

Kada ki ɗauka na zo zagin mai kuɗi ne. Uwata waakye, wato shinkafa da wake, ta sayar ta raine mu, na san riba halal ce. Kowa a nan ya san Alhaji da wankin tsofaffin ƙarafa ya fara, ba gado ya ci ba, ba kuma sata ya yi ba. Yau yana da gidaje har a unguwar Adabraka, 'ya'yansa suna karatu a ƙasashen waje, kuma da bai kawo tankunan nan ba da har yanzu muna yawo da bokiti cikin gari kamar mahaukata. Abin da dai ban gane ba shi ne yadda mutum ɗaya zai tara abin da jikokin jikokinsa ba za su cinye ba, alhali layin da ya taso a ciki ko ruwan alwala sai an saya.

To akwai al'adar da muke yi. Duk ranar Juma'a da safe, kafin mota ta zo, ana buɗe tankuna kyauta, ana ce masa ruwan sadakar Alhaji. Mata su yi ta sa masa albarka. Ni da nake tsaron wurin na san ruwan gindin tanki ne, wanda dole a zubar kafin a zuba sabo. In ya kwanta a bokiti za ki ga dauɗa a ƙasa. Duk layin haka muke ɗiba, har da ni, mu tace da ɗankwali mu sha, don ba kullum ake da halin sayen ruwan leda ba.

Da damina ta sauka bana, babbar kwatar unguwa ta cika ta shigo gidaje, sai amai da gudawa suka ɓarke a layinmu. Yara da yawa sun kwanta. 'Yata Na'ima, shekararta huɗu, da safe tana tsalle a tsakar gida, da la'asar idanunta sun faɗa. Na goya ta zuwa asibiti, muka tarar babu gado, aka tura mu wani, can ma muka zauna a benci da ita a cinyata. Kafin a sa mata ƙarin ruwa ta riga ta yi nisa, a nan ta cika. Likita ya ce gurɓataccen ruwa ne. Bai ce na tanki ba, bai ce na kwata ba, ni ma ban sani ba har yau, kuma rashin sanin nan yana cin raina fiye da yadda zan iya faɗa miki.

Alhaji ya yi mana komai. Likkafani, motar zuwa maƙabarta, rumfuna da kujerun zaman makoki, shinkafar baƙi. Haka yake yi wa duk wanda aka yi wa rasuwa a unguwar, shi ya sa ake ce masa uban marayu. Ranar addu'ar uku mai shela ya ɗauki lasifika ya jera duk abin da Alhaji ya bayar, jama'a suka yi kabbara, sai surukata ta kama hannuna ta kai ni gabansa na durƙusa na yi godiya. Na yi godiyar da gaske, Hajiya. Amma da na tashi sai na ji kamar an zuba min yashi a baki.

Yanzu an sa taro a ƙofar sarkin unguwa, wakilinmu na ƙaramar hukuma zai zo, da mutanen hukumar ruwa, a kan a gyara bututun layinmu. An taɓa yin irinsa a baya, Alhaji ya tashi ya ce gwamnati ba ta taɓa gyara komai ba, a bar masa, dattawa suka gyaɗa kai aka watse. Wannan karon samarin unguwa, wani Basit ne shugabansu, sun zo har ɗakina suna roƙo in tashi in yi magana a matsayin uwar yarinyar da ta mutu. Sai dai Basit ya fi ƙarfina. A wurinsa duk mai kuɗi ɓarawo ne, so yake in ce Alhaji ne ya kashe 'yata, har na ji wasunsu suna zancen fasa tankunan. In an fasa, me za mu sha gobe? Osumanu kuwa ya ce in na buɗe baki mun zama butulu, aikinsa da nawa da ɗakin duk sun tafi, kuma gwamnatin da nake son kira ita ce ta bar 'yarmu a benci. Ba ƙarya ya yi ba.

Ni ba na tare da Basit, ba na kuma tare da mijina. Alhaji ya sayar da kayan motarsa, ya gina otal goma in ya so, Allah ya ƙara masa. Ruwan sha kawai nake so ya fita daga hannun mutum ɗaya. Ga shi ina da ciki, ya fara nauyi, ba ni da inda zan kai shi in aka kore mu. In tashi in yi magana, ko in zauna in ci gaba da buɗe famfo ranar Juma'a?

Uwar Na'ima, Maamobi

Uwar Na'ima, Allah ya jiƙan 'yarki, ya sa mai ceto ce. Na daɗe da wasiƙarki a hannuna kafin na iya ɗaukar alƙalami.

Kanki bai kulle ba, kin fi mazan nan biyu ganin hanya. Basit yana da gaskiya cewa ba daidai ba ne unguwa guda ta dogara da ran mutum ɗaya, amma fasa tanki ba ya kawo ruwa a bututu, kuma ba za ki ɗora wa Alhaji kisa a bainar jama'a a kan abin da likita ma bai tabbatar ba. Mijinki yana da gaskiya cewa hukuma ta yi sakaci, amma sakacinta dalili ne na a matsa mata lamba, ba na a sallame ta ba. Haraji kuke biya a kasuwa da tasha. Ɗan kasuwa yana da 'yancin neman riba, sadakarsa kuma tsakaninsa da Ubangijinsa, in ya ga dama ya bayar, in ya ga dama ya hana. Shi ya sa ba a jingina ruwan sha da gadon asibiti a kan sadaka.

Ki yi magana, amma kada Alhaji ya fara jin ta a lasifika. Ki zaunar da Osumanu tukuna, ki nuna masa ba sunan kowa za ki kira ba. Sannan ku nemi limaminku ko wata dattijuwa da Alhaji yake jin kunyarta, ku sami Alhajin a gida kafin taron. Ki gode masa, ki gaya masa abin da idonki yake gani a gindin tanki, domin mai yiwuwa rabonsa da leƙa bokitin wani ya daɗe. Ki roƙi a riƙa zubar da wancan ruwan ana wanke tankuna, sadakar kuma ta fito daga sabon ruwa. Ki sanar da shi za ki tashi a taro ki nemi bututu. Mutumin da yake son a kira shi uban marayu zai yi tunani sosai kafin a ji ya kori mai ciki da ta binne 'ya bana, musamman in liman ya san zancen tun farko.

A taron ki faɗi sunan 'yarki da shekarunta, ki faɗi bencin da kuka zauna, ki tambayi mutanen hukuma ranar da za su fara aiki, ki zauna. Kada ki tsaya kusa da masu zancen fasa tanki. Ki tafi da sauran matan da yaransu suka kwanta, don a ji muryar layin gaba ɗaya. Daga yau kuma duk ruwan da zai shiga bakinku ki tafasa shi, ki gaya wa duk matar da ta zo da galan ta yi haka.

Ba zan yi miki ƙarya ba, ana iya yin duk wannan kuma Alhaji ya fusata, hukuma ma ta yi alkawari ta ɓace. Don haka ki fara tambayar 'yan'uwa ɗakin da za ku raɓa in ta ɓaci, tun kafin ranar. Shiru zai iya tsare muku ɗakin, na yarda. Amma wanda ke cikinki zai zo duniya da ƙishirwa kamar kowa, kuma ke ce za ki miƙa masa kofin.

Allah ya sauke ki lafiya, ya ba ki ƙarfin tsayawa a kan ƙafafunki ranar taron, ya sanyaya zuciyarki da ta Osumanu.

Hajiya Saratu