Ranar da Inna ta daina cewa ka dawo gida

Ƙanena Nasiru,

Assalamu alaikum. Ya jiki, ya gajiyar atisaye, ya abokan wasanka? Mu nan Yelwa kowa lafiya.

Ranar Asabar muka kalli wasanku na ƙwallon kwando a wayata, Inna tana gyaran kifi. Ta gaji da ganinka zaune a benci, har tana cewa gara ka dawo ka kama jirgin Baba. Sai ga koci ya sa ka. Ta yar da wuƙa ta ce, "Wanga yaro shi ka riga kowa zuwa atisaye, yau Allah ya duba wahalatai!" Da ka jefa ƙwallo ta shiga, ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo.

Ta ce kada daɗi ya sa ka sassauta. Ka sa mu cikin addu'a. Ka gaida kocin naka, Inna ta ce ta yafe masa.

Yayarka,
Hadiza