Tabon Ƙasan Haɓa

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya Inna, ya yara? Ni kam lafiya lau.

Yatsu biyu na hannun hagu ne dai ba na jin su. Sai in danna tsirkiyar gogena ban san na danna ba. Shugaban makaɗanmu ya ce in je in huta. Ko kuka ban yi ba, kayana kawai na tattara.

Yanzu yara nake koya wa gogen Turawa a wani ɗan ɗaki. Su ja, ni in gyara musu riƙo. Alhamdulillahi.

Kin tuna baƙin tabon da goge ya yi mini a ƙasan haɓa, Inna ta yi ta shafa mai ya ƙi fita? Ki gaya mata ya fita.

Ƙanwarki