Ranar da na shiga teku

Daren Lahadi, tsakiyar Agusta, Al Nahda.

Alhamdu lillahi. Yau na shiga teku, da furfurata.

Tun da kududdufin unguwarmu ya ci yayana, na yi wa Inna alkawarin ba ni ba ruwa. Shekara uku ina lodi a Al Quoz, a nan ƙasar Larabawa, teku sai dai hange.

Ƙurajen zafi sun cinye min baya. Issaka, abokin ɗakina ɗan Accra, ya ce, "Yalla, mu je, Malam, ruwan gishiri ne maganinka." Bayan la'asar ya ja ni bakin teku.

Na ce alwala kawai zan yi daga baki. Na kamfata na kurkure kamar ruwan randa. Wayyo, gishiri! Ina tari yana dariya, sai igiyar ruwa ta rufe min gwiwa. Ga ɗumi, kamar ruwan wankan da Inna ke sirka mana. Na zauna ciki da rigata. Na yi hawaye, ba wanda ya gane.

Ƙaiƙayin ya lafa. Ɗazu Inna ta kira, ta ce muryata ta washe. Na ce mata iskar garin ce. Allah ya yafe min.