Bayan Bishiyoyin da Ba a Shafa wa Fenti Ba

Assalamu alaikum, Yaya.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara, Ya raba ki da gajiyar aikin asibiti, Ya ba marasa lafiyar da ke hannunki sauƙi. Mu ma nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Ƙafar Inna ta yi dama, har ta koma hawa matakala ba ta kama bango. Gwaggo ta zo ta kwana uku, ta gyara wa kowa zama, ta tafi ta bar mu da kewarta da kuma hutun kunne. Auta ta ci jarrabawarta, yanzu ko ruwa aka ce ta miƙo sai ta fara duban mutum ta saman tabarau.

Na san za ki yi mamakin ganin wasiƙa daga gare ni, ga waya a aljihu. Dalili shi ne duk ranar da kika kira, Inna tana tsaye a kaina kamar mai gadin banki, kuma ta riga ta ce in na buɗe miki baki a kan wannan magana ba ta yafe ba. Wai kina can nesa, me za a ɗora miki. To ban buɗe baki ba, alƙalami na ɗauka, Allah Ya yafe mini wayon. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Yaya. Maganar Baba ce, kuma tsoro nake ji.

Bari in fara daga farko. Kin tuna hanyar ƙafar nan da ta tashi daga tashar motar ƙarshe, bayan babban tankin ruwa? Hukuma ta mayar da ita hanyar masu tattaki, don mutanen gari su riƙa fita shan iska. Tana bi ta wajen masu buga bulo, ta haye rafi a kan gadar katako, ta ratsa gonaki, ta hau tudun duwatsu, sannan ta shige gandun daji har bakin ƙorama. Tafiyar awa huɗu ce ga mai ƙafa. An ba wani ɗan kwangila aikin sa alama, shi kuma ya ɗauke mu mu uku masu fenti. Aikin ba wuya: duk taki hamsin ka sami bishiya ko dutse, ka kankare daidai ƙirjin mutum, ka ja layi biyu, fari a sama, rawaya a ƙasa. Sai dai tun ranar farko na lura gefe ɗaya kawai muke shafawa, gefen da ke kallon mai fitowa daga gari. Na taɓa karantawa a wani tsohon littafin masu hawan dutse da na tsinta wajen mai sayar da takardun ƙunshi cewa alama gaba da baya ake yin ta, domin wanda ya tafi sai ya dawo. A gonaki ba damuwa, kana hango tankin ruwa daga ko'ina. Amma da muka kai bakin daji na je na faɗa wa ɗan kwangilar.

Mutumin nan, Yaya, tumbinsa yana riga shi shiga ɗaki da minti guda, kuma tun da aka fara aikin ƙafarsa ba ta wuce inda mota ke tsayawa ba. Ya dube ni sama da ƙasa, ya tambayi sauran ko sun san an kawo musu farfesa, wai wanda bai gama firamare ba ne zai koya masa aiki. Suka yi dariya. Kin san bakina. Na gaya masa ko akuya ta san hanya tafi da dawowa ce, sai dai shi ban sani ba. Na ƙara da wasu maganganun da ba zan rubuta wa yayata ba, na jefa burushi a cikin bokiti har fenti ya fallatsar masa a takalmi, na kama gabana. Na dawo gida ina huci, ina jin ni namiji ne. Su kuma suka ƙarasa dajin yadda suka fara. Da na haɗiye fushina na zauna, da ko a ɓoye na riƙa zagayawa bayan kowace bishiya ina ja mata layi. Wannan tunanin ne ke ci na har yau.

Ranar Talatar makon jiya Baba ya karya kumallo, ya ɗauki sandarsa da gorar ruwa, ya ce wa Inna zai je ya ga aikin ɗansa. Ba wanda ya hana shi. Wa zai hana mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya yana aikin gandun dajin nan shiga cikinsa? Azahar ta yi bai dawo ba, abincinsa ya huce a rufe. Inna ta fara leƙa ƙofa tana cewa ba komai, alhali ta sa mayafinta a baibai. Na fita da gudu. Masu bulo suka ce sun gan shi da hantsi, har ya tsaya ya yi musu faɗa a kan yashin da suka zuba a hanya. Wata mata mai gona ta ce ya wuce ta kan tudu yana tafiya kamar saurayi. Na shiga dajin ina bin fari da rawaya, ina kiran Baba har muryata ta dushe. Can na tsaya in huta, na juya baya. Babu alama ko ɗaya. Bishiyoyi ne kawai tsaye, baƙaƙe, duk kamarsu ɗaya, ga ƙananan hanyoyin masu itace sun rabu uku a gabana. Ni da na san aikin, ni da na zo yanzun nan, sai da na rasa ta inda na fito. Shirun wurin har ƙara yake yi a kunne.

Bayan la'asar na same shi, nesa da hanyar, a gindin wata babbar bishiya kusa da inda tsohon sansanin ma'aikata yake kafin a rushe shi. Yana zaune a kan saiwa, ya cire takalmansa ya jera su a gefe tsaf, gorarsa cike, ko kurɓa bai yi ba. Na durƙusa a gabansa ina haki. Yaya, ya ɗago ya dube ni, ya yi mini sallama irin wadda ake yi wa baƙo. Ya kira ni samari. Ya tambaye ni cikin ladabi ko na ga motar ma'aikata a hanya, wai ta makara yau, kuma ya bar matarsa da jaririya a gida ba ta jin daɗi. Ke ce jaririyar. Motar nan an daina aiko ta tun ban san hannuna na dama ba. Na ce masa motar ta lalace, an aiko ni in raka shi. Ya yi godiya, ya sa mini albarka, ya ce iyayena sun yi tarbiyya. Na sa masa takalmi, na riƙe hannunsa, ina leƙa gaban kowace bishiya ina neman fenti, har muka fito. Sai a kan gadar katako ya tsaya, ya dube ni, ya kira sunana, ya hau ni da faɗa a kan rigata da ƙaya ta yaga. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba.

Da muka iso gida na ce wa kowa laifin alama ne. Washegari na je ofishin da ya ba da kwangilar na ɗaga musu murya har maigadi ya riƙe mini hannu, suka ce za su duba, irin dubawar da kin sani. Unguwa duk ta ɗauka, ana ta tsine wa mai tumbi, Inna ta rungumi zancen hannu bibbiyu, Baba kuma yana dariyar kunya yana cewa aikin yaran zamani ne ya ɓatar da shi. Ni kaɗai na san ƙarya nake yi, ko in ce rabin gaskiya. Mutumin da ya san dajin nan bishiya bishiya, wanda yake gane gabas da ƙanshin ƙasa, ina ruwansa da layin fenti? Maganar motar da jaririyar ban faɗa wa kowa ba, ke ce ta farko. Ina jin Inna ta san wani abu, don na ga ta fara ɓoye mabuɗin gas a cikin ɗankwalinta, amma in na matso da zancen sai ta ce tsufa ne, in bar mata miji ya huta.

Kwana huɗu ke nan ina fita da gwangwani biyu da burushina, ba wanda ya sa ni, ina bin bayan bishiyoyin ɗaya bayan ɗaya. Na gama ɗari da sittin, saura wajen tamanin. Ko ba don Baba ba, ranar hutu mata da yara suke shiga wurin. Amma ina shafawa ina tambayar kaina, wanda ya manta shekarar da yake ciki, fari da rawaya me za su gaya masa? Kuma bai daina fita ba. Kullum da safe sai ya ɗauki sanda, wai likita ya ce ya riƙa motsa jiki. Uba ba a kulle shi a ɗaki. Sai in bar tazara in bi shi a baya kamar ɓarawo, in ya waiwaya in laɓe bayan katanga. Shekaranjiya ya kama ni, ya ce in ba ni da aikin yi in je in nema. Na ba shi haƙuri, Yaya. Ni, na ba da haƙuri. Ran nan kuma na same shi a falo tsaye gaban hotonki na ranar gama makaranta, ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni a wane asibiti wannan malamar take aiki. Da ya ga fuskata sai ya ce wasa yake yi. Wataƙila wasan ne. Ban ga dariya a idonsa ba.

Ke kika yi karatun, ni tsince-tsince ne nawa, kuma abin da na tsinta a kan irin wannan ciwo ya hana ni sakewa. Ki gaya mini wane irin likita zan kai shi, da wace dabara zan kai shi ba tare da na karya masa zuciya ba, don in aka bar ni da bakina zan ɓata komai. Ki kira Inna ki lallaɓa ta, maganarki takan shige ta inda tawa ke tokarewa, in ta yi fushi da ni na ɗauka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sannan abin da ya fi duka, ki nemi hutu ki zo. Na san nisa, na san aiki, na san yara suna makaranta. Kada ki jira ƙarshen shekara yadda kika tsara. Ban san me zai rage ba kafin lokacin.

Ki gaishe mini da maigidanki da kyau, ki ce ina ba shi haƙurin wannan kaya da na aiko gidansa. Ki shafa mini kan Babangida da 'Yar Inna, ki ce kawunsu bai manta alkawarin keke ba. Gwaggo ta bar miki gaisuwa kafin ta tafi, Auta tana gaishe ki ta saman tabarau, Inna kuma da ta san ina rubutu da ta gaishe ki, bayan ta gama da ni. Baba ya shigo ɗazu ya same ni a kan takardar nan, ya tambayi wa nake rubuta wa. Na ce 'yarsa ta fari. Sai ya faɗi sunanki, da bakinsa, ban tuna masa ba, ya ce in gaya miki ya yi kewarki. Yau ke nan, Yaya. Allah Ya kawo ki lafiya, da wuri.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
wanda kike kira Barkono