Inuwar Bishiyoyi da Idon Yaya Hadi

Asabar, 5 ga Yuli
Sabuwar kwamfutar ta iso. Na sa wasan tseren mota, na ɗaga komai zuwa ƙarshe: inuwa, hasken ruwa, ƙananan ɗigon hoto. Har ganyen bishiya ana gani. Amma motar sai ta tafi ta tsaya, ta tafi ta tsaya, fanka na ta gurnani. Ban rage komai ba.

Lahadi, 6 ga Yuli
Na wuni ina tuna ɗakin zaurenmu na Ƙofar Durbi. Tsohuwar kwamfutar Yaya Hadi, wadda sai mun kashe inuwa, mun rage girman hoto, kafin mota ta yarda ta gudu. Bishiyoyi kamar kwali, fuskar direba ba hanci. Shi ke riƙe da maɓallan tuƙi, ni birki kawai yake ba ni. Inna tana kiranmu tuwo, muna cewa saura zagaye ɗaya.

Laraba, 9 ga Yuli
Na kira Yaya Hadi ya zo ya gani. Gaskiya so nake ya ce na wuce shi.

Juma'a, 11 ga Yuli
Ya zo bayan masallaci, a kan acaɓa. Tun da ciwon suga ya taɓa masa ido ya daina tuƙi, ban taɓa sa abin a raina sosai ba. Ya matsa har hancinsa ya kusa allo. Ya bugi katanga da motar sau da yawa. Can ya ajiye ya ce, "Abbas, abin ya yi kyau, ina jin haka. Ni dai ban ga hanyar ba."

Na shiga saiti na sauke komai ƙasa. Rubutu ya yi manya, hanya ta fito fili, motar ta daina sarƙewa. Ya sake kama maɓallan, sai ga shi ya sha kwana lafiya lau. Ya cinye ni. Ya yi dariya har da tari.

Asabar, 19 ga Yuli
Ban mayar da saitin sama ba. Kwamfutar ta fi sanyi haka, shi ke nan dalili. Gobe da la'asar ni zan je gidan Yaya Hadi a Kambarawa in ɗauko shi, ba sai ya hau acaɓa ba.